Yatsun Alƙalami

Tun da na dawo daga ƙasar Maraɗi ban samu sakat ba. In na zauna wurin mai shayi bakin tashar Sabon Birni, sai wani ya ce, "Malam Nuhu, wai mi ka gano can?" In na shiga Isa ranar kasuwa, nan ma tambayar ke nan. Wasu sun ji an ce kifi na tafi ƙirgawa, wasu sun rantse aure na tafi nema. Na gaji da maimaitawa, kuma duk sadda na bayar da labarin sai in tsallake wurin da kunya take. To ga shi a rubuce, har da wurin kunyar.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni. Ina karatun digiri na biyu kan tattalin arzikin su, wato yadda masunta ke kamu su sayar, da yadda ake riƙon ruwa don kada kifi ya ƙare. Tabkin garinmu na ɗauka, don ƙanen mahaifina, Baffa Arzika, shi ne Sarkin Ruwa, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar iyayena. Dokar tabkin ɗaya ce tun kaka da kakanni. Kalli, ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya sa kai ya maƙale, dole idonsa ya ci yatsa uku. Wanda bai kai haka ba, 'ya'yan kifi yake kwashewa.

Tun da mutanen daji, masu bindigar nan, sunka hana zuwa tabkunan nesa, kowa ya taru kan namu. Kifi ya ƙanƙance, masu saye daga Isa sunka rage zuwa. Baffa ya ce idanun kalli ne sunka matse. Masunta, da wani Labbo a gabansu, sunka ce a'a, yatsun Sarki ne sunka kumbura da sanyin ƙashi, shi ya sa ba su shiga.

Ana cikin haka na zo da takardun tambayoyina da rula. Da sunka ga rular, kowa ya ɓoye kallinsa, wai gwamnati ta aiko a ƙwace. Sai Labbo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, aje abin ga na Nasara. Kai ɗan gida ne, auna irin ta kakanninka." Maganar ta yi mini daɗi, kaina ya fasu. Na bi kalli ɗaya bayan ɗaya ina zura yatsuna, uku na shiga sumul. Na rubuta cewa masunta na bin doka, matsalar ƙarancin ruwa ce da yawan jama'a. Malamata, wadda muke kira Dakta, takan ce bincike a mayar da shi ga masu shi, don haka na tara su gindin tsamiyar bakin tabki na karanta musu.

Baffa na zaune bisa buzunsa. Bai tambaye ni da mi na auna ba, a zatonsa da kayan boko ne. Ya ce, "Tunda takarda ta faɗi, shi ke nan. Ranar buɗe ruwa ta bana za ni aje sarauta, ku ba mai ƙananan yatsu." Daga ranar, in na gaishe shi sai ya ce "lafiya" ya kau da kai. Wata bakwai muna haka a gida ɗaya.

Dakta ce ta ce babina bai cika ba sai na kwatanta da wani ruwa. Ta ji labarin wani tabki a ƙasar Maraɗi, su ma dokarsu yatsa uku, amma kifinsu manya. Na ce to, ai wannan zai ƙara tabbatar da maganata cewa ruwa ne ba kalli ba. Na shirya saura kwana takwas a buɗe ruwan garinmu.

Tunau, wani ɗan garinmu, shi ne ya ɗauke ni a kabu-kabu. Ba mu yi sammako ba, don yanzu ba mai fita hanyar ga sai rana ta ɗaga an ga masu tahowa. Duk wanda munka gamu da shi sai Tunau ya rage gudu ya ce, "Hanya lafiya?" In an ce lafiya lau mu ƙara gaba. Abin da ya same mu kawai rairayi ne. Babur ya shiga wani kwazazzabo ya kwanta, ni na faɗa gefe guda, jakata gefe guda. Tunau bai tambayi ƙafata ba, madubinsa ya fara dubawa.

A kan iyaka munka tarar da jandarma zaune ƙarƙashin rumfar zana. Na miƙa masa katina da wasiƙar makaranta. Wasiƙar da Ingilishi take, shi kuma Faransanci ya karanta, sai ya juya ta sau biyu ya koma ga Hausa, wadda da ita ya kamata mu fara. Ya ce, "Mi ne aikinka?" Na ce binciken kifi. Ya buɗe jakata, ya ciro rula, ya ciro ɗan sikeli, ya ciro damin takardu. Ya leƙa har ƙasan jakar ya ce, "To, Mushe, ina kifin?"

Na san haka mutanen Nijar ke kiran malamin makaranta. Amma sani daban, a kira ka mushe gaban jama'a da ranka da lafiyarka daban. Tunau ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan har ya aje ni Gidan Runji bai sake kira na Malam ba, kuma na ji yanzu sunan ya riga ni isowa Sabon Birni. Allah ya isa tsakanina da shi.

Daga Gidan Runji na shiga wata tsohuwar mota mai zuwa Maraɗi. Kusa da ni wata dattijuwa ce da kaji biyu a kwando. Ta dubi zanen fuskata ta ce, "Ɗan nan, Bagobirin ina?" Na faɗa mata. Kafin mu kai Tsibiri ta tono mini wata kakata da ban taɓa jin sunanta ba, ta ce ɗiyar ƙanwar uwarta ce, saboda haka ni jikanta ne, in riƙe mata kwandon. Haka na shiga Maraɗi da kajin kakata bisa cinya, sun kuwa bar mini shaida a wando. Iyakar ga dai a takarda take. Hausarsu tamu ce, tsiyarsu tamu ce, sai dai in sun zo faɗin lokaci ko sunan ofis su karkata baki su yi Faransanci.

A Maraɗi sai na nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji, don su ke kula da ruwa a can. Na isa bayan azahar kaɗan na tarar an tashi hutun rana. Su abin a jininsu yake, rana ta take kowa ya tafi gida, ba irin namu ba da ake zama ofis ana gyangyaɗi a ce ana aiki. Na zauna wurin wani mai shayi na ci burodinsu, dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi. Da la'asar ma'aikacin ya dawo, ya karanta takardata a tsanake, ya buga hatimi, ya kwatanta mini motar da za ni shiga. Na kwana a ɗakin baƙi na wani ɗan garinmu mai sayar da taya, da safe na kama hanya.

Ƙauyen yana bakin tabki, ba shi da girma. Sarkin Ruwansu sunansa Sha'aibu, gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya magana da ƙarfi. Da ya ji ni ɗan gidan sarautar ruwa ne sai ya ce ba ni kwana ko'ina sai gidansa. Anka share mini shago kusa da zaure, anka shimfiɗa tabarma da gidan sauro. Uwargidansa, Inna Hajo, ita ce babbar mai banda a garin, kuma ita masu saye daga birni ke nema in sun zo. Ranar farko ta aiko mini da tuwon gero da miyar kifi, da wani kwaɗon zogale da suke zuba wa ƙuli har ya yi kauri. Gunduwar tarwaɗar da ke cikin miyar ta kai damtsena. Rabon da in ga irinta a tabkinmu tun ina firamare.

Kwana uku na yi ina cike takardu, ko in ce ina fama. Masunci ko na ina ne ba ya faɗin abin da ya kama. Ka ce, "Jiya kwando nawa?" ya ce, "Alhamdu lillahi." Ka ce, "To bara fa?" ya ce, "Bara ma mun gode Allah." A takardata kuma ba gurbin alhamdu lillahi. Sai na koma wurin Inna Hajo ina zama bakin murhun banda, ina auna abin da aka kawo mata da sikelina, hayaƙi na cika mini ido. A nan na fahimci yadda suke yi. Suna rufe ruwa duk damina kamar mu. Baƙon masunci ba ya jefa kalli sai ya gaida Sarki. Ba wani abu da ba mu da shi a gida, har na fara jin daɗi ina cewa lallai ruwa ne.

Rana ta huɗu da hantsi na ce a fito mini da kalli in auna. Anka baza su kan rairayi. Na ɗauki na farko na zura yatsu. Uku sunka shige, na huɗu ya bi su, har da sauran wuri. Na rubuta huɗu. Na biyu ma huɗu, na uku huɗu. Sai na miƙe da murnata na ce, "Sarki, ai ga asirin. Kun ce dokarku yatsa uku, alhali mutanenka da huɗu suke su."

Ya ce, "Huɗu?"

Na ce, "Ga shi kuwa," na zura na ɗaga masa.

Bai dubi kallin ba. Hannuna ya kama, ya juya shi ciki da baya kamar mai taya akuya. Sannan ya kira sauran, "Ku zo ku ga ikon Allah." Sunka kewaye ni. Ya aza hannunsa kusa da nawa. Nasa yatsun gajeru ne masu kauri, igiya da ruwa sun mayar da su kamar saiwar rogo. Nawa kuwa, ku da kunka san ni kun sani, tun muna yara ake ce mini tsinken tsire. Ya ce, "Mushe, waɗanga yatsun alƙalami ne. Da su ko gidan sauro ka auna, halal za ya fito." Dariya ta tashi har matan da ke wanki sunka ɗago kai.

Daga nan ya kai ni gindin wata bishiya inda suke ɗaure jirage. Wani guntun itace ne rataye da igiyar fata, baƙi wuluk don shan hannu, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Ya ce sunansa Hannun Tsoho. Kakan Sarkin ƙato ne, mahaifinsa kuma ɗan firit, da kakan ya tsufa sarauta ta dawo hannun mahaifin sai rigima ta tashi kan yatsun wa za a bi. Dattawa sunka sa masassaƙi ya fiƙe itace daidai faɗin yatsa uku na tsohon tun yana da rai. Ya ce, "Hannu na kumbura, hannu na ramewa, mai shi na mutuwa. Icce ba ruwansa." Ya tura itacen cikin idon kalli ya shige cif. Ya ce Inna Hajo ma tana da irinsa, ita da sauran masu banda, kifin da bai kai faɗinsa ba ba su saye ko kyauta ne. Na tuna na gan shi rataye bakin murhunta kwana uku, na ɗauka laya ce.

Suna ta bayani, ni ba na ji. Labbo nake gani, yana miƙo mini kalli da hannu biyu yana murmushi, "Sa hannunka da kanka, Malam." Ashe sun sani. Duk sun sani, sun dubi hannuna tun kafin in aje jaka. Ni da digirina anka yi wa wayo da abin da ke manne a jikina, na kuma ɗauki takarda na kunyata mutumin da ya ciyar da ni ya kai ni makaranta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abincin rana ya zo na kasa ci, Inna Hajo ta aiko a tambaya ko miyar ce ba ta yi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo. Ya ce wa ya sani? Babin saura kaɗan a karɓa, ka rubuta huɗu a nan, uku a can, magana ta ƙare, ka gama bana. Na zauna da wannan har la'asar. Sannan na hau wani tudu inda waya ke kamawa na kira Dakta na faɗa mata komai. Ta ce, "Ɗauko rularka ka auna yatsun nan naka uku, ka faɗa mini." Na auna na faɗa. Ta ce, "Inna lillahi. To babin nan ya mutu, da duk abin da ka gina a kansa. Sai ka sake awo daga farko, kuma ka san bana ta wuce ka." Na ce na sani. Ta ce, "Baffan naka fa, yaushe ne buɗe ruwan?"

Washegari Sarki Sha'aibu ya sa masassaƙin garin ya fiƙe mini irin itacen, anka gwada su baki da baki gaban jama'a. Inna Hajo ta cika mini jaka da banda ta ce in kai wa Baffa, gaisuwar gidan ruwa zuwa gidan ruwa. Na biyo hanyar da na zo. A kan iyaka jandarman nan ne dai, ya gane ni tun daga nesa ya ce, "Mushe, an samo kifin?" Na buɗe jaka na ba shi tarwaɗa guda. Ya ga itacen ya ce wannan fa? Na ce shi ne abin da na tafi nema. Ya dube ni kamar mai tausayi ya ce in wuce.

Na iso gida ana gobe buɗe ruwa. Na kai wa Baffa bandar, ya ce "madalla" bai ɗago ba. Na so in faɗa masa nan take. Na ce bari dai, inda na yi ɓarnar can za ni gyara ta.

Da hantsi gari ya taru gindin tsamiya, kowa da gorarsa da kallinsa, masu saye daga Isa sun zo su kaɗan. Baffa ya zauna bisa buzu, ya aje sandar sarauta a gabansa maimakon ya riƙe ta. Kafin ya buɗe baki na miƙe na ce ina da magana. Na ce takardar da na karanta musu a wurin ga ƙarya ce, ba da niyya ba, amma ƙarya ce. Na ce ba da rula na auna ba, da hannun ga na auna, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Wasu sunka sunkuyar da kai, wasu sunka fara murmushi. Na ciro itacen na faɗi inda na samo shi da yadda ake aiki da shi.

Labbo ya ce, "Wannan iccen wasu ne, ruwan wasu. Mu mi ya haɗa mu da kakan mutanen Maraɗi?"

Wani dattijo ya ce, "To kawo naka yatsun mu gani." Labbo ya yi ta noƙewa, anka matsa masa. Ya aza uku bisa itacen, sunka rufe shi daidai. Anka kira wani, shi ma haka, da ɗan bambancin da bai kai ƙwayar gero ba. Hannun masunci dai hannun masunci ne, ko a wace ƙasa. Anka ɗauko kallin Labbo anka tura itacen, ya ƙi shiga ko da rabi.

Sai na durƙusa gaban Baffa na miƙa masa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya aza yatsun nan da anka yi wata da watanni ana cewa sun kumbura. Sunka zauna cif, ba ragi ba ƙari.

Ban ce komai ya gyaru ba. Mutum biyu sun naɗe kallinsu sun tafi cikin fushi, Labbo har yau ba ya amsa sallamata, kuma kifin tabkinmu bai girma a kwana ɗaya ba. Ni ma ga ni nan ina sake bin kalli ɗaya bayan ɗaya, abokan karatuna sun gama sun bar ni. Amma a ranar Baffa ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa daga ƙasa.

Kafin ya tashi ya ce, "Nuhu." Rabon da in ji sunana a bakinsa wata bakwai. Ya ce, "Kawo naka." Na aza yatsuna uku bisa itacen, ga fili nan ya rage har na huɗu ya zauna. Jama'a sunka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya riƙe hannun nawa cikin nasa yana dubawa, ya ce, "Na uwarka ne, Allah ya jiƙanta. Ita dai ba ta taɓa cewa za ta auna kalli ba." Sannan ya damƙa mini itacen ya ce, "Tashi ka rataya shi ga tsamiya, inda kowa ka gani. Mu za mu ruwa."